Muhawara a Zauren Manoman Rani: Ƙarancin Ƙwararru a Gonakin Kadawa

Ɗan Garun Malam: Assalamu alaikum. Ina so in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, kuma har yau ita ke shayar da gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, amma idan injin ban ruwa ya lalace ko tarakta ta tsaya a tsakiyar huɗa, sai manomi ya kwana ya wuni yana neman makanikin da ya san aikin. Malaman gona da dama sun yi ritaya, mu kuma da muka karanta aikin gona muna zaune babu aiki, an bar feshi a hannun jahilai waɗanda ba sa iya karanta abin da ke rubuce a jikin gorar magani.

Baba Manomin Kura: Wa alaikumus salam. Yaro, su wane ne jahilan? Mutumin da ya san lokacin dashen shinkafa, ya san ranar da zai janye ruwa kafin yanka, ya kuma ciyar da kai da wannan sanin har ka je makaranta, shi ne yau kake kira jahili a bainar jama'a?

Ɗan Garun Malam: Baba, Allah ya huci zuciyarka, ba manoma nake nufi ba. Yaran da ke goya tankin feshi ba safar hannu ba takunkumi nake nufi, kuma lafiyarsu nake ji.

Hajiya Mai Gyaran Shinkafa: To ai yaran nan 'ya'yanmu ne, kuma da yawansu sun sauke Alƙur'ani. Wanda ya sauke Alƙur'ani ba a kiransa jahili don kawai rubutun gorar da Turanci aka yi shi. A tambayi masu kawo maganin dalilin da ya hana su rubuta bayanin da Hausa.

Tsohon Malamin Gona: Hajiya, maganarki tana kan hanya, sai dai ɗan'uwanmu ma ya taɓo gaskiya. A 2016, lokacin da tsutsar da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye tumatir, mutane sun yi ta ninka magani bisa jin cewa yawansa shi ne ƙarfinsa, aka yi asarar kuɗi ga tumatir ya tafi. A zamaninmu malamin gona yakan bi manomi har gona da babur, ya buɗe gonar gwaji a bakin hanya domin kowa ya gani da idonsa, kuma haka ƙungiyar bunƙasa noma ta Sasakawa ta yi da masara bayan shigowarta Najeriya a 1992.

Bazazzagi: Malam, a riƙa ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ilimin noman Arewa daga cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Zariya ya fito, tun 1922 ake bincike a can, kuma duk irin da kuke taƙama da shi, da masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da shinkafar FARO 44, namu ne.

Tsohon Malamin Gona: SAMMAZ da SAMPEA na Samaru ne, babu musu. Amma shinkafar FARO ta cibiyar Badeggi ce a Jihar Neja, kada ka haɗa su.

Bazazzagi: Ko ma dai ta ina ce, Kanawa sayarwa kuka iya, binciken kuwa a Zariya yake.

Ɗan Dambatta: Ɗan'uwa, ka manta da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke garinmu ke nan? Kuma idan kun fitar da irin, a gonar wa ake shuka shi, a kasuwar wa kuma ake auna shi in ba Dawanau ba?

Baba Manomin Kura: Ku bar zancen Zariya. Ni har yanzu ban ji yaron nan ya janye kalmarsa ba.

Ɗan Garun Malam: Jama'a, ni batun horar da makanikai da 'yan feshi na kawo, kuma har yanzu babu wanda ya ce komai a kansa.

Shugaban Zaure: Na rufe wannan muhawara a nan. Abin da na fahimta shi ne, 'yan zaure sun haɗu a kan cewa iyayenmu manoma su ne malaman gona na asali, kuma takardar makaranta ba ta ba kowa izinin raina su ba. An kuma tabbatar da cewa Kano ce cibiyar noman rani, duk da abin da ɗan'uwanmu na Zazzau ya faɗa. Muna roƙon Ɗan Garun Malam ya nemi afuwar Baba kafin sallar Isha'i. Batun makanikai kuwa, wanda yake da lambar wani mai gyaran inji sai ya tura masa ta akwatin sirri.