Tseren keken dutse na farko: keke zan canza ko ƙafa zan gyara?

Sabon Mahayi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu hawan keke. Na kai shekara biyu ina hawan keken dutse don motsa jiki kawai, sau uku a mako, yanzu kuma na yi rajistar shiga tseren ƙetare daji na waɗanda ba sana'arsu ba ce, wanda za a yi nan da mako bakwai. Masu shirya gasar sun ce rukuninmu zai yi zagaye uku, kowane zagaye kimanin kilomita 5, da doguwar hawa ɗaya, da gangara mai duwatsu, sauran kuwa siririyar turba ce a cikin itatuwa. Kekena na alminiyam ne, shok ɗinsa a gaba kawai yake, tayoyinsa inci 29 ne, kuma har yau da tif a cikinsu. Da na duba hotunan irin waɗannan gasa sai na ga yawancin mahaya suna kan kekuna masu shok gaba da baya, abin da ya sa gabana ya faɗi. Shin in nemi irin nasu ne, ko in tsaya a kan nawa? Sannan ina neman shawara game da farawa, domin wani ya ce mini in fita da ƙarfin tsiya in riga mutane shiga turbar, wani kuma ya ce in lallaɓa.

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka bar kekenka yadda yake. Mako bakwai ba zai isa ka saba da sabon keke ba, kuma a tseren da bai wuce kilomita 15 ba, keke mai shok a gaba kawai ba ya hana kowa komai, hasali ma ya fi sauƙin nauyi a wajen hawa. Idan har akwai abin da ya cancanci ka taɓa, to tayoyi ne. Ka mayar da su irin waɗanda ba su da tif, waɗanda ake zuba wa ruwan gam a ciki domin ya toshe ƙananan huda da kansa. Amfaninsu na gaske shi ne za ka iya rage iska ba tare da dutse ya matse tif a jikin wili ya fasa shi ba. Yawancin sababbin mahaya suna cika taya ta yi tauri kamar dutse, suna zaton hakan ne gudu, alhali a kan saiwoyi da tsakuwa tayar tana tsalle ne maimakon ta kama ƙasa. A taya mai faɗin inci 2.2 zuwa 2.4, mutum matsakaicin nauyi yakan hau da iska tsakanin psi 20 da 25 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne), ta baya ta ɗara ta gaba kaɗan. Ka fara daga sama, ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan a wajen atisaye, har ka ji inda tayar ta fara lanƙwashewa a kwana, sai ka ƙara mata.

Batun farawa kuwa shi ne ainihin maganar, kuma a nan ne na sha kashi a tserena na farko. Da aka busa usur na fita kamar wanda aka biyo, na shiga turba a cikin goman farko, ina jin daɗi ina ganin na iya. Kafin mu kai rabin hawan farko bakina ya bushe, ina jin bugun zuciyata a cikin kunnuwana, cinyoyina kuma sun yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Wani dattijo mai furfura a gemu, wanda na wuce a layin farawa ina yi masa kallon tausayi, ya zo ta damana yana juya feda a hankali cikin giya mai sauƙi, ya ce in ba shi hanya, kuma ban sake ganinsa ba sai a ƙarshe, ya riga ya cire hular kwano yana hira. Zagaye na biyu da na uku jan jiki kawai na yi, mutane suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Akwai wani mataki na ƙoƙari da jiki zai iya riƙewa kusan awa guda, idan kuma ka haura shi sosai, mintuna kaɗan kake da su kafin ƙafa ta ƙi, bayan haka sai ka biya bashin da sauran tseren. Ƙwararru suna fita da gudu ne domin sun horar da jikinsu ya farfaɗo alhali suna kan tafiya. Saboda haka ka yi amfani da makonnin nan wajen koyon wannan farfaɗowar. Sau biyu a mako, bayan ka ɗumama jiki na minti 15, ka nemi hawa ka taka da ƙarfi na minti huɗu, ka huta minti huɗu kana juya feda a hankali, ka maimaita sau huɗu ko biyar. A ƙarshen mako ka yi doguwar tafiya ta awa biyu a ƙasa mai kama da ta gasar. Makon ƙarshe kuwa ka rage aiki, domin ƙarfin da ba ka samu a mako shida ba, ba za ka same shi a kwana biyar ba, gajiya kaɗai za ka tara.

Uwar Gangara ta amsa:

Na yarda da Yaya Tsohon Hannu a kan keke da tayoyi, amma ina da ja a kan farawa. Lallaɓawa ma tana da nata farashin, domin idan mutum arba'in suka nufi turbar da mutum ɗaya kawai take ɗauka, na gaba ya sa ƙafa a ƙasa, to duk na bayansa sai sun tsaya. Na taɓa tsayawa cik riƙe da keke ina jiran layi a gindin wani ɗan hawa mai saiwoyi, ina kallon na gaba suna ɓacewa, alhali ƙafata ba ta ko fara zafi ba. Abin da nake yi yanzu shi ne in ɗumama jiki sosai har in yi gumi, in je layi da wuri, in fita da ƙarfi na ɗan lokaci gwargwadon abin da na san zan iya biya, da na samu gurbi a turba sai in sassauta in daidaita numfashi.

Amma duk wannan ba ya yiwuwa sai ka san hanyar. Malam, ka yi duk yadda za ka yi ka zaga filin kafin ranar, ka tsaya a gangarar nan mai duwatsu, ka sauka, ka taka ta da ƙafa, ka zaɓi layin da za ka bi, sannan ka gwada shi sau uku ko huɗu. Da safiyar gasar ma ka sake dubawa ko an canza wani abu. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, fitaccen ɗan tseren keke Mathieu van der Poel na ƙasar Holan ya faɗi mummunar faɗuwa a zagayen farko a wani wurin dira daga kan dutse, saboda katakon da ke wurin lokacin atisaye an ɗauke shi kafin tseren, shi kuma ya zo da zaton yana nan. Idan hakan ta faru da irinsa, ina ga mu?

A gangara ka miƙe daga kan sirdi, fedoji a daidai da juna, gwiwa da gwiwar hannu a sake, yatsa ɗaya a kan kowane birki. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a tsakiyarta ba, kuma kada ka ji tsoron birkin gaba, domin shi ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, matsa shi ake yi a hankali ba fizga ba. Idonka ya kasance a inda kake son bi, domin dutsen da ka ƙura wa ido shi tayarka za ta nufa. Wurin da ya fi ƙarfinka kuwa ka sauka ka tura, doka ba ta hana ba, kuma sau da yawa ya fi sauri.

Mai Tuta ya amsa:

Ni aikin tsaron hanya nake yi a irin waɗannan gasa, don haka ta fuskar doka zan yi magana. A ƙa'idar hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI, ba a karɓar taimako daga waje sai a wuraren da aka keɓe don gyara da miƙa ruwa, kuma wanda ya fita daga hanya dole ya dawo ta inda ya fita. Tom Pidcock na Birtaniya ya yi faci yana kan gaba a Olamfik ta Paris a 2024, aka canza masa wili a wurin gyara, ya biyo baya har ya wuce Victor Koretzky na Faransa, wanda ke kan gaba, a zagayen ƙarshe. Kai ba ka da makaniki mai jiranka, saboda haka ka ɗauki tif ɗaya ko da ka koma taya marar tif, da ƙaramin famfo, da mahaɗin sarƙa, da alanki, kuma ka koyi aiki da su a gida hannunka na rawa don gajiya. Ƙananan gasa sukan sassauta wasu dokokin, shi ya sa ya kamata ka karanta takardarsu, ka kuma saurari bayanin da ake yi kafin farawa. Idan mai sauri ya zo bayanka ya faɗi ɓangaren da zai bi, ka riƙe layinka har ka samu wuri mai faɗi, kada ka kauce a firgice ka kayar da ku duka biyu.

Sabon Mahayi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa batun sabon keke, tayoyin kuma zan mayar da su marasa tif a wannan makon domin in samu lokacin gwada iska. Saura abu ɗaya: ina hawa ne da feda ta yau da kullum, wani kuma ya ba ni aron irin wadda ake maƙale takalmi a jikinta. In sa ta?

Tsohon Hannu ya amsa:

Ka sa ta gobe idan kana so, ka sassauta maƙallin har ƙarshe, ka je fili mai ciyawa ka yi ta maƙalewa da cirewa, domin za ka faɗi a tsaye aƙalla sau ɗaya kamar yadda dukanmu muka faɗi. Idan saura mako biyu gasar kuma har yanzu sai ka yi tunani kafin ka juya diddige ka cire ƙafa, to ka mayar da tsohuwar fedarka, ka mayar wa wanda ya ba ka aro kayansa sai bayan tsere.