Wasan Gato Barbieri a Montreux: na Latin ne ko na Amurkawa?

Mai Faifai: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya na sake sauraron wasan da Gato Barbieri, mai busa saksofon ɗan ƙasar Ajantina, ya yi a bikin jazz na Montreux, ƙasar Suwizalan, a 1971, wanda aka fitar a faifai da sunan El Pampero. Wanda zai ji haushi ya ji: wannan ba kiɗan Latin ba ne. Kiɗan Amurkawa ne aka kifa masa hular Ajantina.

Autan Zaure: Wa alaikumus salam. To fa! Yaya, da sanyin safiyar nan?

Mai Faifai: Duba waɗanda ke bayansa mana. Bernard Purdie ne a kan ganguna, makaɗin mawaƙiyar Amurka Aretha Franklin. Chuck Rainey na riƙe da bas, Lonnie Liston Smith na fiyano. Duk 'yan Amurka. Abin da ƙafarka ke bi a wasan nan soul ne da funk, ko ka yarda ko kada ka yarda.

Anti Malama: Ƙanena, ka iya lissafin son rai. Ina ka baro Naná Vasconcelos, mutumin Recife ta Burazil? Shi ne mai berimbau, bakan nan mai tsirkiya ɗaya da ƙoƙo a gindi, wanda asalinsa bayi suka kai daga Afirka. Ko shi ma a Detroit aka haife shi?

Mai Faifai: Mutum ɗaya ne, Anti. Ɗan gishiri a miya.

Baba Alhaji: Ku bari in sa baki. Ni a wajena maganar ba ta fasfo ba ce. Abin da muka taso muna kira Latin jazz yana da ƙashin baya, sunansa clave: bugu biyar, uku sannan biyu, ko biyu sannan uku. A kansa Machito da Mario Bauzá suka gina ƙungiyarsu a New York, a kansa Dizzy Gillespie ya haɗu da Chano Pozo ɗan Kyuba a 1947. Na kasa kunne a wasan Barbieri, ban ji shi yana jan ragama ba. Saboda haka yaron nan yana da 'yar gaskiya.

Anti Malama: Allah ya ƙara maka lafiya Baba, amma nan ne zan saɓa maka. Kun mayar da nahiya guda unguwa ɗaya a Havana ta Kyuba, gidan clave. Barbieri a Rosario ta Ajantina aka haife shi, a 1932, a Buenos Aires ya goge, har ya yi busa a ƙungiyar Lalo Schifrin. Mutanen can ba da clave suka tashi ba, da tango suka tashi, da waƙoƙin makiyayan karkara. Me ya busa a daren? Akwai tangon Carlos Gardel na begen Buenos Aires, akwai waƙar Atahualpa Yupanqui a kan mai kora shanun da ba nasa ba. Shi kansa pampero ɗin iska ce mai sanyi da ke kaɗowa ta filayen ƙasarsu. Mutum ya zo da waƙoƙin gidansu, ku ce ba ɗan gida ba ne don bai yi rawar maƙwabta ba?

Autan Zaure: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Kuwwar fa? Sai ya fara busa mai daɗi, ka lumshe ido, kawai saksofon ɗin ya tsage kamar an matse algaita.

Baba Alhaji: Auta, wannan guzurin da ya taho da shi ne daga shekarun 1960, lokacin da yake tare da Don Cherry a Turai suna free jazz, wato jazz ɗin da bai ɗaure kansa da ƙa'ida ba, ga tasirin John Coltrane a kunnensa. Da ka ji shi a wancan zamanin, da ka ce a Montreux ya yi hankali.

Anti Malama: Kuma ka lura inda yake tsagewar. Sai ya bi waƙar tiryan-tiryan, ya maimaita, ya sake maimaitawa, sai ta cika masa ƙirji sannan ya fashe. Haka mawaƙin tango ke yi da maƙogwaro.

Mai Faifai: To ku amsa mini wannan. In Montreux ta wadatar, me ya mayar da shi Buenos Aires a 1973 ya tara masu charango (wata 'yar ƙaramar jita) da sarewar quena da gangar bombo ya yi sabon faifai? Shi da kansa ya san da saura.

Anti Malama: Ko kuma sai a lokacin hali ya samu. Kiɗan fim ɗin da ya yi a 1972 ya kawo masa lambar yabo ta Grammy, kamfanin faifai na Impulse ya ɗauke shi, aka iya biyan kuɗin tafiya da tara makaɗa. Marmarin kuwa tun a Montreux kana jin sa.

Baba Alhaji: Maganar clave na janye rabi, 'yata ta kama ni. Amma ganguna dai na Purdie ne.

Mai Faifai: Yauwa Baba! Ku cire busar a ranku, ku saurari bas da ganga kawai, ku dawo ku gaya mini wace ƙasa kuka ji.

Anti Malama: A cire busar? A wasan mai busa? To in an cire, faifan wa muke saurare?

Autan Zaure: Yaya, a wace waƙa berimbau ɗin ya fi fitowa? Ni har yanzu ban tsinto shi ba.