Masu injin feƙe ƙarfe, AI za ta raba mu da sana'armu ne?

Ɗan Panteka:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena, dan Allah shawara nake nema. Shekarata biyu ina koyon aikin injin feƙe ƙarfe a Tsohuwar Panteka da ke Kaduna, yanzu ina fidda bushin ina yanka tiredi ba sai oga ya tsaya a kaina ba, to jiya wani abokina ya nuna min bidiyon injin CNC, wato mai aiki da kwamfuta, yana cin ƙarfe shi kaɗai, wai har AI, wato ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, ke tsara masa hanyar da wuƙar za ta bi. Wallahi da ƙyar na yi barci. In ci gaba ne ko in canza tun da wuri?

Baba na Kakuri:
Wa alaikumus salam ɗana, kwantar da hankalinka. Injin da ake ba umarni da lambobi tun shekarun 1950 aka fara shi a Amurka, kuma gwanintarsa ita ce ya fidda abu iri ɗaya sau dubu. Mu kuwa me ake kawo mana? Mai injin niƙa ya zo da shaf ya karye biyu, ya cinye ta gefe, ba zane ba takarda, kai za ka auna ka gane asalin kaurinsa, kana ci kana sauraron kukan wuƙa don ka san ko ta dakushe, shi kuma yana tsaye mata na jiransa da markaɗe. Masaƙun Kakuri da suka rufe ma ai ba kwamfuta ce ta rufe su ba, rashin wuta ne da atamfar waje.

Injiniya Sadiq:
Baba ya faɗi gaskiya amma ƙanena kar ka miƙe ƙafa. Wanda aikinsa kawai ya ɗaura ƙarfe ya danna ya sauke, shi zai fara rasa wuri a manyan kamfanoni. AI na iya rubuta G-code, wato lambobin umarnin da injin CNC ke bi, amma tana kuskure, lamba ɗaya ta kauce wuƙa ta daki cok ɗin da ke riƙe ƙarfen, asarar kuɗi mai yawa, dole sai wanda hannunsa ya san ƙarfe ya duba kafin a kunna. Ka koyi karanta zane da zana shi a kwamfuta, ga Kaduna Poly nan kusa da ku.

Ɗan Panteka:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Yaya Sadiq, zanen nan zan iya farawa da waya ko sai na samu laftof?