Waɗanda suka taɓa saƙa bargon yanayi ku zo ku ba mu labari

Maman Hanan, Bunkure

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa yin bargon nan na yanayi ina son jin yadda kuka ƙare da shi kafin in zuba kuɗina a zare. Ga wadda ba ta san shi ba, bargo ne da ake saƙawa da kwarashi layi ɗaya kullum har shekara ta zagayo, kalar zaren kuma ba ke za ki zaɓa ba, zafin garin na ranar ne zai zaɓa miki, in an yi sanyi shuɗi in an yi zafi ja, haka dai. A YouTube na gani wurin wata baturiya, nata ya fito tamkar bakan gizo wallahi har na kasa bacci. So nake in fara 1 ga Janairu 2025. Kala nawa zan saya? Kuma tsakani da Allah akwai wadda ta kai ƙarshe?

Ummu Sadiq, Gwarzo

Wa alaikumus salam Maman Hanan. Ni na yi a 2023 kuma na kai ƙarshe, amma zauna ki ji. Irin bidiyon da kika gani na gani nima, na kwafi jadawalin matar kaf na sa maigidan ya sayo min kala goma a Sabon Gari, shuɗi kaɗai kala uku. Abin da ban lura ba matar a Amurka take, garinsu har ƙanƙara ke zuba, kuma lambobinta ba irin na wayata ba ne, su da Farenhait suke awo mu kuma Salsiyas, 100 ɗinsu shi ne wajen 38 ɗinmu. Sai da ƙanina ya zauna ya juya min lambobin, to da aka juya ɗin ma me, kaf shuɗayen nan na ƙasa da digiri 15 ne, ni kuma mafi zafin rana nake bi, yaushe Gwarzo za ta yi 15 da azahar? Daga ƙarshen Fabrairu har shigowar damina ja nake saƙawa, ja, ja, jan ya ƙare a sake sayowa. Bargon ya fito kamar an shanya tattasai. Shuɗayen suna nan a leda ko buɗe su ban yi ba, sai bana na yi wa jaririn maƙwabciyata hula da safa da su.

Malama Uwar Gida, Kazaure

Ummu Sadiq kin ba ni dariya, amma abin da ya same ki shi ne matsalar gaba ɗaya, ki bar batun Farenhait ma. Ni a firamare nake koyarwa, bana nake yin nawa, saura 'yan kwanaki in rufe, kuma kafin in fara sai da na yi wata biyu ina rubuta lamba kawai ban taɓa zare ba. Ku duba da kyau, zafin rana a ƙasar nan tamu tsakanin 28 da 42 yake yawo kusan duk shekara. Abin da ya fi ba ni haushi, tsakiyar hunturu da rana za ki ga 29 ko 30, tsakiyar marka a Agusta ma 29 ko 30, wato lokacin da kike shafa man kaɗe leɓe na fashewa da lokacin da kayan wanki ke kwana uku ba su bushe ba duk kala ɗaya za su fito a bargon. To ina amfanin? Wanda ya zauna a nan ya san waɗannan ba yanayi ɗaya ba ne.

Da asuba ake gane shekararmu. A Janairu na sha ganin 13 har 12 lokacin da nake fita alwala, ruwan buta kamar zai yanke yatsa, a Agusta 21 ko 22, a ƙarshen Afrilu da Mayu kuwa da asubar ma sai ki ga 27, daren da kowa ke kwana a tsakar gida ana fifita har gari ya waye. Shi ya sa na yi nawa gida-gida ba layi ba, kowace rana ɗan murabba'i ɗaya, tsakiyarsa kalar asuba gefensa kalar azahar. Na hunturu sai ya fito shuɗi a ciki ruwan ɗorawa a waje, na damina kore a ciki ruwan ɗorawa a waje, na bazara ruwan goro a ciki jan wur a waje. Daga nesa za ki nuna ki ce nan ne azumi. Kuma digiri bibbiyu na raba kalolin, ba biyar-biyar irin na turawa ba, don mu ɗan motsin nan shi ne labarin.

Lissafin gidajen kuma, shekarar 2024 kwana 366 ce saboda Fabrairu ta yi 29, na ƙara fari guda 12 a farkon kowane wata ya zama 378, biyu na cike da sunana da shekara, 380 kenan, jere 19 sau 20. Ke da za ki yi 2025 kwana 365 ne sai ki cike da uku. Wahalar dai ɗaya ce, bakin zare. Kowane gida bakin zare huɗu za ki ɓoye da allura, ni na yi ganganci na bar na wata uku suka taru, sai da na raina kaina.

Amarya, Kura

Ni dai shawara ɗaya gare ni, ki auna tsawon layin kafin ki fara. Doguwar saƙa na yi, wadda ake naɗa zaren a kwarashi kafin a soka, don ta fi sauri kuma ita na iya tun ina gida. Ban yi lissafi ba kowane layi santimita ɗaya da rabi ne, ki buga sau 365 ki gani, mita biyar da rabi! Tun a watan Mayu ya wuce gadon, a Satumba in zan saƙa sai an riƙe min ɗaya gefen. Uwar mijina ta leƙo ta daɗe tana kallo sannan ta ce "yarinya wannan bargo ne ko shimfiɗar masallacin Juma'a?" Ƙarshe dai biyu na raba shi, Janairu zuwa Yuni namu, sauran na kai mata tun da ita ta fara tsokana, yanzu kuma ba ta rabuwa da shi in jaura ta taso. Gajeriyar saƙa za ki yi, ita kusan rabin santimita ce, za ki tashi da ƙasa da mita biyu daidai gado.

Yar Auta, Garun Malam

Shimfiɗar masallaci 😂😂 Anti Amarya Allah ya bar ki da Hajiya. Ni kwana 19 na yi na ajiye, ba zan yi ƙarya ba.

Maman Walid, Birnin Kudu

Nikam bazara ce ta kayar da ni. A 2024 azumi ya kama 11 ga Maris, lokacin bargon ya fara nauyi, ga shi zaren roba ne irin mai ɗumin nan, ki ɗora shi a cinya da la'asar wayarki na nuna 41 babu wuta babu fanka ga ƙishirwa, wallahi har ƙurajen zafi suka feso min a cinya. Na ce to bari in bari sai bayan buɗa baki, bayan buɗa baki ga wanke-wanke ga asham ga jiƙa geron sahur, wa ke ta kwarashi. Aka yi sallah 10 ga Afrilu ana bina bashin saƙar kwana talatin da wani abu. Lambobin dai ina rubutawa a bayan littafin adashe, sai da aka yi shuka gari ya yi sanyi na zauna na biya, layi huɗu biyar kullum.

Abu na biyu zare. Dan Allah in kina da hali ki sayi mai yawa lokaci ɗaya musamman ja da ruwan goro. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira kuma ta faɗi komai bai zauna wuri ɗaya ba, ƙullin da na saya a Janairu da na aika a ƙaro a Yuni kuɗin ya tashi sosai ga kuɗin mota zuwa Kano, kuma abin takaicin jan da aka kawo ba irin na farko ba ne, mai shagon ya rantse wa ɗan aiken kamfani ɗaya ne lamba ɗaya, amma a rana kowa zai ga wannan ya fi duhu. Yanzu a bargona akwai wurin da za ki ɗauka zafi ya ƙaru alhali rini ne ya canza. Ki riƙa ajiye takardar da ke naɗe da ƙullin, ki kuma yanki ɗan guntu ki ba wanda za ki aika.

Maman Khairat, Bichi

Ku yi haƙuri ni dai ban ga riba ba. Zaren da za a zuba a bargo ɗaya zai yi min shawul ɗin jarirai da setin hula da safa da yawa, kuma daga Nuwamba zuwa Janairu ba na iya biyan masu oda. Shekara guda kina abu ɗaya ba ko sisi? Wa zai saya ma, in kin faɗi kuɗinsa a ce kin haukace.

Malama Uwar Gida, Kazaure

Maman Khairat gaskiyarki ta fannin kasuwa, ba na sayarwa ba ne, minti ashirin ne bayan isha kuma ban fasa saƙar kuɗi ba. Maman Hanan na manta ban faɗa miki batun awo ba. Lambar da waya ke nunawa hasashe ne kuma yawanci na babban gari mafi kusa ne, ba na tsakar gidanki ba. Na sa an sayo min ɗan ma'aunin zafi na bango a shagon kayan asibiti, da farko na rataye shi jikin bangon da rana ke duka ƙarƙashin kwano, rannan ya nuna min 49 na ce inna lillahi, ashe bangon yake aunawa. A inuwa ake sa shi inda iska ke wucewa, nawa yanzu yana jikin darbejiyar tsakar gida daidai tsayin fuskata. Kuma duk wanda kika zaɓa, waya ko ma'auni, ki tsaya a kansa har ƙarshe.

Maman 'Yan Biyu, Auyo

Ni nawa na 2022 ne, wanda ya san yankinmu ya san me ya faru a daminar nan. Ina bin abina lafiya lau har Satumba ruwa ya shigo gari, muka kwashe abin da za mu iya muka koma wurin 'yan uwa. Bargon na ɗauka don na naɗe 'yan biyu da shi a hanya, amma littafin da nake rubuta lambobin da ledar zaren duk suna ƙarƙashin gado, da muka dawo littafin ya zama kamar kunu. Kwana 23 ba ni da lamba ko ɗaya, wa ke duba zafin gari shinkafarsa na ƙarƙashin ruwa. Yayata ta ce a nemo min a intanet, na ce a'a, na sayi ruwan toka na saƙa layi 23 da shi. Yanzu duk wanda ya zo ya ga wurin sai ya tambaya. Daga lokacin nake sa baƙon zare siriri a ranar da wani abu ya faru, ranar suna, ranar da Baba ya rasu a Nuwamba na sa fari.

Hajiya Babba, Kura (jikarta ce ke rubutawa)

Hajiya ta ce in gaishe ku, tun ɗazu nake karanta mata. Wai ita abin da ya ba ta mamaki mutum ya tambayi waya ko ana sanyi alhali ga jikinsa. Ta ce su da can da man gyaɗa da man shanu suke ganewa, in an tashi an ga sun daskare a kwalba to sanyi ya kai, masu alkama a Kadawa murna suke don alkama sai da sanyi take yi. Ta ce kuma a faɗa wa mai shirin farawa ta riƙa shafa mai a hannu da dare ba lokacin saƙa ba, don hannun hunturu kamar ƙaya yake yana tsinkar zare, in kuma kin shafa kin kama zaren nan take ƙura za ta manne ya yi dauɗa tun ba a gama ba. Wai kuma a sa shi a buhu a rataye saboda ɓera da gara, ita gara ta taɓa cinye mata gwado sabo fil.

Maman Hanan, Bunkure

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Hajiya muna gaisuwa Allah ya ƙara lafiya. Maman 'Yan Biyu Allah ya jiƙan Baba ya kiyaye gaba. Na yanke shawara gida-gida zan yi irin na Malama, ko ba komai ba zan ɗora bargo a cinya a Afrilu ba, ƙananan zan tara a bokitin fenti mai murfi in haɗa su in damina ta sauka. Azumin 2025 ma farkon Maris zai kama, gara in shirya. Malama dan Allah ki turo min yadda kika raba kalolin da lambobinsu. Ummu Sadiq shuɗayen nan akwai saura? In akwai ki faɗi kuɗinsu, maigidan yana shiga Kano ranar Asabar sai a haɗu a Kabuga.

Ummu Sadiq, Gwarzo

Ƙulli biyar suka rage, biyu ruwan bula uku mai duhu. Ki bar batun kuɗi, ki dai aiko min da tumatir ɗin Bunkure in ya fara saukowa.