Neman shawara: jiki ya yarda, amma zuciya tana ja da baya a gasar iyo, keke da gudu

Mai tambaya, daga unguwar Birni:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina zaune a Damagaram, kuma ina shirin shiga gasar tirayatlon karo na farko a wani gari na bakin teku. Ƙaramin zango na zaɓa, wato iyo na mita 750, sai keke na kilomita 20, sannan gudu na kilomita 5, duk a jere ba tare da hutu ba. Ta fannin jiki ba ni da ƙorafi, domin ina zuwa Miriya da keke in dawo, gudun ma ina kai shi ƙarshe. Damuwata biyu ce. Ta farko, a kwamin iyo na otal nake koyo, inda ƙafata take taɓa ƙasa, kuma da zarar na tuna cewa a teku babu ƙasa babu bango, sai numfashina ya sarƙe ko da a kan tabarma nake. Ta biyu, idan na sauka daga keke na fara gudu, ƙafafuna sukan yi nauyi, sai zuciya ta riƙa raya mini cewa in tsaya, babu wanda ya aike ni. Yaya ake horar da zuciya kamar yadda ake horar da jiki?

Wani malamin wasannin motsa jiki, daga Zango:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsoron ruwa ba ya gushewa da lallashi, sai mutum ya san abin da zai yi idan tsoron ya zo, ya kuma maimaita shi har jiki ya haddace. Mafi yawan sarƙewar numfashi a cikin ruwa daga riƙe numfashi take tasowa: mutum ya nutsar da fuska bai fitar da iska ba, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ta fita ta taru a jini, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka cewa ana shaƙe shi. Saboda haka duk lokacin da fuskarka take cikin ruwa ka riƙa furzar da iska ta hanci da baki a hankali, ta yadda idan ka juya kai shaƙa kawai za ka yi.

Bayan haka, ka jawo tsoron da kanka a inda ba zai cutar da kai ba. Ka yi iyo da sauri har ka fara haki, sa'an nan kada ka kama bango, kada ka taka ƙasa, ka juya rigingine ka kwanta a kan ruwa, ka ƙirga numfashi goma, ka juyo ka ci gaba. Wata rana ka rufe ido na ɗan lokaci, domin ruwan gasa ba ya nuna ƙasa. Wata rana kuma ka nemi abokai biyu su yi iyo kusa da kai suna gogar kafaɗarka, saboda a farkon gasa ana cunkoso, wani ya shure ka, wani ya ture maka tabarau. Dokar gasar ma tana tare da kai: an yarda ka yi kowane salon iyo, an yarda ka tsaya ka riƙe kwalekwalen masu tsaro ka huta, muddin ba ka yi amfani da shi wajen matsawa gaba ba. Wanda ya san da wannan, rabin fargabarsa ta tafi tun yana bakin ruwa. Ranar gasa ka tsaya a gefe ko a baya, ka bar masu gaggawa su wuce.

Nauyin ƙafa kuwa kowa yana jinsa, har gwanaye, domin tsokar da ta saba juya feda ce ake ce mata ta koma taka ƙasa. Yakan sassauta bayan kilomita ɗaya ko biyu. Sau ɗaya a mako, da ka dawo daga hanyar Miriya, ka jingine keken a zaure, ka sauya takalmi, ka fita gudu na minti goma nan take, da gajeren taku.

Wani tsohon ɗan kokowa:

Malam ya yi bayani, amma ni a ganina maganar ba ta kai tsawon haka ba. Mu a fage, kirari da kiɗa ke tsayar da zuciya kafin a kama. Ka samo wa kanka kalma biyu ko uku da za ka riƙa faɗa a kan takun ƙafarka, ko tasbihi ne, domin bakin da yake ambato ba ya barin zuciya ta yi ta saƙe-saƙe. Kuma ka tuna Hamadou Djibo Issaka, ɗan ƙasar nan da ya je Landan a 2012 ya yi tseren kwalekwale bayan ƴan watanni kawai na horo. Shi ya zo na ƙarshe, amma ya kai, ƴan kallo kuma suka yi masa tafi. Idan zuciya ta ce ka tsaya, ka ƙi saurarenta kawai.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Sabon Gari:

Baba, a gafarce ni, jimlarka ta ƙarshe tana buƙatar gyara, musamman ga mai atisaye a garin da zafi yake wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Akwai muryar gajiya, akwai kuma gargaɗin jiki, kuma babban horon zuciya shi ne mutum ya iya rarrabe su. Nauyin ƙafa, haki da ƙosawa gajiya ce, ana iya haƙuri da su. Amma jiri, tangaɗi, amai, ciwon ƙirji, jin sanyi a tsakiyar rana, ko mutum ya rikice ya kasa sanin inda yake, waɗannan alamun haɗari ne, sai a tsaya a nemi inuwa, a jiƙa jiki da ruwa, a nemi likita. A 2016 a Kozumel ta ƙasar Meziko, zafi ya buge Jonny Brownlee na Ingila yana kan gaba dab da ƙarshen gasa, sai da yayansa Alistair ya tallafe shi zuwa layi, alhali yana cikin gwanayen duniya. Ka yanke wa kanka ƙa'idar tsayawa tun kana gida, lokacin da hankalinka yake kwance, domin wanda zafi ya kama ba ya iya yanke hukunci mai kyau. Sannan kada neman ruwa mai zurfi ya kai ka tafkunan damina ko na Gidimuni kai kaɗai, ga haɗarin nutsewa, ga tsargiya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, saura abu ɗaya: daren gasa na san barci zai gagare ni, ina ta lissafin nisan da ke gabana.

Malamin wasanni:

Rashin barcin dare ɗaya ba ya rushe horon watanni, barcin kwanakin da suka gabace shi ya fi muhimmanci. Lissafin kuma ka daddatsa shi, kada ka ɗauki gasar dunƙule. A ruwa abin da ke gabanka shi ne alama ta gaba da aka kafa, a keke dutsen kilomita na gaba, a gudu kuma wurin shan ruwa na gaba. Tun yanzu, bayan sallar isha'i, ka ɗauki minti biyar ka bi gasar a zuci daki-daki, har da inda tabarau ya cika da ruwa da inda sarƙar keke ta zame, kana ganin hannunka yana gyarawa. Idan hali ya yi, ka isa garin kwana biyu kafin gasar, ka shiga tekun tare da wanda ya san shi, ka ɗanɗani gishirin, ka ji yadda igiyar ruwa take ɗaga mutum. Ka kuma tambayi masu shirya gasar ta wane gefe ake zagaya alamomin, sa'an nan ka dawo nan mu tsara maka makon ƙarshe.