Na kasa haɗa na'urar sauya sauti da amfili na jita

Salamu alaikum ƴan'uwa makaɗa. Daga Maraɗi nake, ina kaɗa jita a bukukuwa. Na sayo na'urar nan mai sautuka da yawa daga Kano, yau kwana 10 ke nan ina fama.

In na sa ta a Input na amfili (wato ramin da ake sa wayar jita a gaban akwatin ƙara sauti), sautin sai ya dagule, musamman in na kunna distoshan (salon da ke sa sautin jita ya yi kaushi). Da na mayar da ita Return (ramin da sauti ke komawa cikin amfili ba tare da ya bi ta Input ba) sautin ya washe, amma maɓallan gaban amfilin suka daina aiki, ga wani gunji da ba ya tsayawa, ya fi tsanani in muna kan janareto. Na canza wayoyi har sau 2.

Shin sashen kwaikwayon sautin amfili da ke cikin na'urar zan kashe, ko haɗin waya 4 (wato haɗa jita, na'urar da amfili da wayoyi huɗu) ne mafita? Don Allah ku taimaka, ran Asabar muna da biki.