Waƙoƙin ƙarfafa gwiwa na Japan: lallashi ne ko ƙarin nauyi?

Nafisa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai. Shekarata uku ke nan ina karatu a Sendai, birnin da ke arewa maso gabashin Japan, kuma duk sanda Maris ya kama sai a dawo da waƙoƙin ƙarfafa gwiwa a rediyo da talabijin, don tunawa da girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami ta 11 ga Maris 2011. A ganina yawancinsu ba lallashi suke yi ba, kaya suke ƙara wa mai baƙin ciki. Duk a kan kalma ɗaya suke juyawa, ganbare, wato ka daure, ka ƙara ƙoƙari. Dattijuwar da nake haya a gidanta ta rasa ƙaninta a ruwan nan. Ta ce mini ta yi watanni tana kashe rediyo da an fara irin waƙoƙin, domin ta daure iya daurewarta, to me kuma ake so ta ƙara?

Kabiru: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta haƙuri. Amma Anti Nafisa ban yarda ba. Shekarar da na faɗi jarrabawa karo na biyu, waƙar Makenaide ta ƙungiyar mawaƙa ZARD ce ta riƙa tashina daga kan katifa. Sunan ma yana nufin kar ka yarda a ka da kai. A 1993 ta fito, bayan tattalin arzikin Japan ya durƙushe, matasa suna gama makaranta suna rasa aiki. A 1994 da ita 'yan makaranta suka yi maci wajen buɗe gasar besbol ta bazara a filin wasa na Koshien. Mutane ba sa riƙe waƙa shekara talatin in ba ta yi musu amfani.

Nafisa: Ƙanena, kai jarrabawa ka faɗi, akwai ta baɗi. Wanda ruwa ya tafi da ɗan uwansa wace baɗi zai jira? Sama da mutum 15,000 ne suka mutu, fiye da 2,500 kuma har yau ba a ga gawarsu ba.

Kabiru: Gaskiya ne, ban haɗa su ba. Sai dai ki nemi fassararta. Ba tsawa ake yi wa mutum ba. Mai waƙar, marigayiya Sakai Izumi, magana take yi kamar wadda ke nesa tana ce maka zuciyarta na tare da kai. Wannan ai rakiya ce.

Malam Habu: Nafisa, 'yata, ina ganin kin zuba su a ƙwarya ɗaya ne. Waƙar Japan da ta fi kowacce zaga duniya ba ta ce wa kowa ya daure ba. Ita ce Ue o Muite Aruko ta Sakamoto Kyu, ta 1961. Mutum ne shi kaɗai cikin dare, yana tafiya ya ɗaga kai sama don kada hawaye su zubo. Kuka yake yi, kuma waƙar ba ta hana shi ba. A 1963 ta yi mako uku a matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe na Billboard a Amurka, inda aka san ta da sunan wani abinci, Sukiyaki, don kawai ya fi musu sauƙin faɗa. Har yau abin yana ɓata mini rai. Shi kansa Sakamoto yana cikin mutum 520 da suka mutu a hatsarin jirgin sama na 12 ga Agusta 1985. Bayan bala'in 2011 ita kamfanin Suntory ya sa fitattun mutane suka rera a talabijin a madadin tallan kaya.

Zainab: Malam, wannan ya taɓa ni. Ni Lemon ta Yonezu Kenshi ce tawa, ta 2018. Yana cikin rubuta ta kakansa ya rasu. Lokacin da Baba ya rasu, gida ya cika da masu gaisuwa, kowa "sai haƙuri", na san kuma da zuciya ɗaya suke faɗa. Amma da dare, in kowa ya watse, waƙar da ba ta nemi in yi komai ba ita nake iya saurara. Don haka ina bayan Yaya Nafisa rabi.

Sani: Ni tambayata dabam ce. Ban da Nafisa, wa ke jin Japananci a cikinmu? Anya ba kiɗan ne kawai ke ɗaukarmu ba?

Zainab: Iyayenmu sun zub da hawaye kan waƙoƙin Indiya ba su jin ko kalma ɗaya, Sani. Murya ba ta ɓoye ciwo.

Nafisa: Malam Habu, na karɓi gyara, ba duka ba ne. Amma ku dubi Hana wa Saku, wato furanni za su tsiro, da NHK, tashar rediyo da talabijin ta ƙasar Japan, ta fitar a 2012. Wanda ya rubuta ta, Iwai Shunji, ɗan Sendai ne, mai kiɗan, Kanno Yoko, 'yar Miyagi ce, waɗanda suka rera ta kuma masu alaƙa da Iwate da Miyagi da Fukushima ne, yankunan da bala'in ya fi shafa. Ba ta ce wa kowa ganbare, hasali ma da muryar waɗanda suka mutu aka tsara ta. Duk da haka dattijuwata ba ta son ta. Ta ce ana ta yi mata albishir furanni za su tsiro alhali mutanen garinsu suna cikin gidajen wucin gadi, wasu shekara da shekaru. Abin da ke damuna shi ne waƙa ta sa na Tokyo ya ji ya sauke nauyi, ya share hawaye ya ci gaba da harkarsa.

Kabiru: To ai wannan laifin masu jinkirin gina gidaje ne, ba na waƙa ba. Kuɗin haƙƙin mallakarta ma ga waɗanda abin ya shafa aka ba da.

Malam Habu: Ku tuna da birnin Kobe. Bayan girgizar 17 ga Janairu 1995, wadda ta kashe sama da mutum 6,400, wani malamin kiɗa na firamare, Usui Makoto, da shi ma gidansa ya rushe, ya rubuta Shiawase Hakoberu Yo ni. Akwai kiran a tashi tsaye a cikinta sosai, kuma yaran Kobe suna rera ta duk shekara har yanzu. Ba a kawo musu ita daga waje ba. Wanda gini ya faɗo wa ne yake ce wa maƙwabcinsa mu daure. Nafisa, ki tambayi dattijuwarki ko bakin da ya faɗa ne ya dame ta, ba kalmar ba.

Nafisa: Ban taɓa tambayarta haka ba, Malam. Na dai lura in ƙawarta ta garinsu ta bugo waya, da ganbaro suke sallama, wato mu daure tare, kuma ban taɓa ganin ranta ya ɓaci ba. Har yanzu ina kan bakana game da talabijin. Ranar 11 ga wata za ta je bakin teku ta ajiye furanni, ta ce in raka ta. In na ga fuska a hanyar dawowa zan tambaye ta.